Sallamar da ba ta jiran amsa: fashin baƙi kan ƙarar saƙon waya

A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke korar kowa daga ɗaki, a tsakar gida muke kwana a gidanmu da ke Mabera. Wani dare wajen ƙarfe biyu, wayata da na ajiye a gefen tabarma ta yi ƙara sau ɗaya, 'yar gajeruwar ƙarar nan ta shigowar saƙon WhatsApp. Ni ban ma gama farkawa ba. Inna ce ta tashi zumbur, hannu dafe da ƙirji.

"Duba mani wayag ga. Ko lahiya? Mi yah hwaru?"

Ran nan ƙanena ya yi tafiya gabashin jihar, wajen Sabon Birni, kuma duk mai ɗa a kan wannan hanya a shekarun nan ya san da irin kunnen da ake kwana. Na lalubo wayar na buɗe. Ashe wani ne a zauren tsofaffin ɗaliban makarantarmu ya turo bidiyon da na riga na gani a wurare uku. Na ce, "Lafiya lau, Inna, ba shi ba ne. Ki kwanta." Ta kwanta ɗin, amma har aka kira assalatu ina jin motsinta da jan carbinta.

Tun daga wannan dare nake sa ido a kan yadda mutane ke yi idan waya ta yi ƙara. A majalisarmu ta bakin titi, da zarar ta tashi, hannu huɗu ko biyar ne ke shiga aljihu lokaci guda, domin yawancinmu Tecno ko Infinix ko itel muke riƙewa, kuma ba kowa ne ya taɓa canza sautin da wayar ta zo da shi ba. Mutum ɗaya aka turo wa saƙo, amma hirar kowa ta yanke. In ka tambayi ra'ayin jama'a, wani ya ce maka ƙarar ta kai masa iya wuya, wani ya ce in ya wuni bai ji ta ba sai ya ga kamar duniya ta manta da shi. Mafi yawa kuwa duka biyun ne a zuciya ɗaya: suna kuka da ita, kuma ba za su iya kashe ta ba. Wannan ruɗanin nake so mu zauna mu warware.

Mu fara da kunne. Ido yana da marfi, kunne ba shi da shi. Ko mutum ya yi nisa a barci, kunnensa na nan yana gadi. Kunnen ɗan Adam ya fi saurin kama sauti mai kaifi, wanda ke kaɗawa tsakanin sau 2,000 zuwa 5,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma ƙaramar sifikar waya irin wannan sautin ta fi iya fitarwa. Shi ya sa ɗan kabu-kabu ke jin saƙo ya shigo duk da rurin injin da ke ƙarƙashinsa. An tsara ƙarar ne don ta keta hayaniya, to ina ga tsakar dare da gari ya yi tsit.

Sai dai kaifi kaɗai bai isa ya faɗar da gaban Inna ba. Abin da ƙwaƙwalwa ta ɗaura wa sautin shi ne ke aikin. Duk macen da ke kiwon kaji ta san cewa da ta kaɗa kwanon tsaba za su taho a guje tun ba su ga ƙwaya ko ɗaya ba. Abin da Ivan Pavlov, masanin nan na ƙasar Rasha, ya tabbatar ke nan a ɗakin gwaji sama da shekara ɗari da suka wuce: in sauti ya saba zuwa tare da wani abu mai muhimmanci, jiki kan amsa wa sautin kamar abin ne da kansa ya iso. Daga baya wani Ba'amurke, B. F. Skinner, ya ƙara wani abu da ya fi shafar mu. Ya lura cewa tantabarar da ba ta san a wane saƙon baki tsaba za ta zubo ba ta fi naci wajen saƙar maɓalli, fiye da wadda ke samu kowane lokaci. Haka wayarmu take. Sau goma ka duba ka tarar da sitika da gaisuwar Juma'a, a na sha ɗaya sai ga albishir ɗin haihuwa, ko kiran aiki, ko rasit ɗin kuɗin da ka daɗe kana bi. Wannan na sha ɗayan ne ke sa ka duba sauran goman, kuma babu ranar da zai daina.

Wanda ya zauna a kasuwa a farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuya, ya ga wannan da idonsa. Na tsaya a rumfar wani mai shinkafa a babbar kasuwa, mai saye ya ce ya tura, ya nuna rasit a WhatsApp, amma buhu bai motsa ba. Mai rumfa ya kife wayarsa a kan mudu, muka zuba mata ido mu uku, ba mai cewa uffan. Da ta yi ƙara sai fuskarsa ta washe tun kafin ya ɗaga ta, ya ce wa yaronsa, "Alat ya shigo, ɗora masa." A wurin wannan bawan Allah ƙarar waya abincin gidansa ce. Wanda zai ce masa ya sa waya a sailen don samun kwanciyar hankali bai san yadda ake neman halak ba.

To amma tana da farashi, kuma an auna shi. A 2015 masu bincike a Jami'ar Jihar Florida da ke Amurka sun sa ɗalibai wani aiki mai buƙatar natsuwa a kwamfuta, sannan suka riƙa kiran wayoyin wasu ko tura musu saƙo ba tare da sun san daga cikin gwajin ba ne. Ɗaliban ba su ɗauki wayar ba, ba su karanta komai ba, amma kurakuransu sun ƙaru sosai a kan na waɗanda ba a taɓa wayarsu ba. Wato jin ƙarar kaɗai ya isa. Hankali ya riga ya tafi wajen tambayar wane ne, me yake so. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke ajiye waya a gefen littafi yana cewa ai ba dubawa yake yi ba, ya kamata ya san wannan. Wani binciken na 2012 a jihar Indiana ya tambayi ɗalibai 290, kashi 89 cikin ɗari suka ce sun taɓa jin waya na girgiza a aljihunsu, su ciro su tarar ba abin da ya shigo. Jiki ne ya gaji da jira har ya fara ƙirƙiro abin da yake jira.

Abin tambaya shi ne, me ya sa a da ba mu damu haka ba? Ai tun 2001 wayar salula ta shigo Najeriya, kuma masu shekaru irin nawa ba za su manta ƙarar saƙon Nokia ba, gajeru uku, dogaye biyu, gajeru uku. Mutane da yawa ba su san cewa haruffan SMS ne take rubutawa da tsohuwar alamar tangaraho ta Morse ba. A wancan zamani saƙo kuɗi ne, kuma haruffa 160 kawai gare ka. Kafin mutum ya tura sai ya auna ko maganar ta kai a kashe mata kati. Saboda haka in waya ta yi ƙara, kusan kullum akwai abin da ya kai a duba.

WhatsApp, wanda aka kafa a 2009 kuma Facebook ya saye shi a 2014, ya rushe wannan ma'auni. Tura saƙo ya zama kamar kyauta, in dai akwai 'yar data. Sai kuma aka zo da guruf, wanda a da iyakarsa mutum 256, yanzu ya kai 1,024. Mu yi lissafi da zaure mai mutum 200. An sanar da rasuwa, mutum ɗari suka rubuta "Allah ya jiƙansa da rahama". Wayar kowane ɗan zauren za ta iya yin ƙara sau ɗari, jimilla kusan sau 20,000 a kan sanarwa ɗaya. Addu'a ga mamaci alheri ce, kuma babu wanda ya turo ta da mugun nufi. Amma a cikin ɗari biyun nan akwai mai jinya da ya samu barci da ƙyar, akwai ma'aikaciyar asibiti da ta kwana a bakin aiki, akwai direba a kan hanyar Illela. Nauyin saƙo ya tashi daga aljihun mai turawa ya koma kan kunnen mai karɓa.

A nan ne, a ganina, ainihin matsalar take, kuma Bahaushe ya fi kowa cancantar ya gane ta. Mu mutane ne da muka daɗe da raba labari da sauti. Guɗa in ta tashi a unguwa, ba sai an gaya maka farin ciki ne ba. Tambari da kakaki na sarauta ne. Kalangu na mahauta, gangar noma ta gayya. Kiran salla ba ya kama da komai. Kukan mutuwa kuwa daga nesa ake gane shi. Kafin labari ya iso, sautinsa ya riga ya gaya wa zuciya irin shirin da za ta yi. Waya ta zo ta tattara wannan duka ta zuba a ƙara ɗaya. Rasuwar kawu, tallar atamfa, umarnin shugaba a wurin aiki, barkwancin aboki, duk murya ɗaya gare su. Tun da zuciya ba ta da yadda za ta bambance, sai ta riƙa ɗaukar kowanne a matsayin mafi nauyi har sai ido ya ƙaryata. Abin da ya faru da Inna ke nan. Ba ta yi kuskure ba. Da irin wannan ƙarar ce mummunan labari zai zo in da zai zo.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sunan da muka raɗa wa guruf: zaure. Zauren gidan Bahaushe wurin tsayawa ne. Baƙo ya zo ya yi sallama, ya jira, a aiko yaro ya ga ko wane ne, sannan mai gida ya fito ko ya ce a ba shi haƙuri. Addini ma ya tsara wannan filla-filla. A hadisi, neman izini sau uku ne, in ba a amsa maka ba ka koma. A Suratun Nur, aya ta 58, an ware lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini kafin su shiga wa manya: kafin sallar asuba, da lokacin ƙailula da tsakar rana, da bayan sallar isha'i. Duba waɗannan lokuta da kyau, sannan ka duba wayarka ka ga saƙo nawa ne ke shigowa a cikinsu. Zauren waya ba ya tsayar da kowa. Mutumin da ba zai taɓa ƙwanƙwasa maka ƙofa ƙarfe ɗayan dare ba, saboda tarbiyya da kunya, shi ne zai tura bidiyo a wannan lokaci ba tare da ya ji ya yi laifi ba, don shi a wurinsa rubutu kawai ya yi, bai ji ƙarar da ta tashi a gefen matashin wani ba.

Masallaci kuwa ba sai an faɗa ba. Ga takardu a bango ana roƙon a kashe waya, ga ladan yana tunatarwa kafin a tayar da iƙama, amma da wuya a idar da sallar Juma'a ba a ji ƙit daga wani sahu ba, kuma mai wayar yakan fi kowa jin kunya.

To me zai hana kowa ya kashe sautin gaba ɗaya ya huta? Masu ba da wannan shawara suna mantawa cewa shiru ma yana da nasa ciwon, kuma mu a Sakkwato mun ɗanɗana shi. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar nan saboda matsalar 'yan bindiga. Wanda ke da iyaye a ƙauye a wancan lokaci zai gaya maka yadda ake zama da waya a hannu ana roƙon Allah ta yi ƙara. Bincike ma ya nuna haka. An taɓa sa mutum 30 su kashe duk sanarwar wayarsu na awa 24. Sun ce aikinsu ya fi tafiya, amma sun wuni cikin fargabar kada wani abu ya wuce su, suna kuma jin kamar an yanke su daga jama'a. Wani gwajin da aka wallafa a 2019 ya gano cewa waɗanda aka tara musu sanarwa ana sako musu sau uku a rana sun fi samun natsuwa, alhali waɗanda aka kashe wa gaba ɗaya damuwarsu ƙaruwa ta yi. Matar da mijinta ke ci-rani a Legas, ko uwar da ɗanta ke karatu a wani gari, wannan 'yar ƙarar ita ce sallamar da suke jira. Daren da ake dakon sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi kuwa, ba na jin akwai wanda ke ƙorafin waya ta cika ƙara.

Akwai kuma nauyin zumunci, wanda ya fi kowane bincike ƙarfi a wurinmu. Tun da aka kawo shuɗin layuka biyun nan a 2014, masu nuna an karanta saƙo, jinkirin amsa ya zama abin da ake fassarawa. "Na turo maka, na ga ka gani, ka yi shiru." In yayanka ne ko surukinka ya faɗi haka, sai ka yi ta ba da haƙuri. Fita daga zauren dangi kuwa kusan daidai yake da ƙin zuwa biki. Ma'aikaci yana tsoron kada a sanar da taron safe ƙarfe sha ɗayan dare shi bai gani ba. Faransa ta kai ga yin doka da ta fara aiki a 2017, wadda ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu kan 'yancin ƙin amsa saƙon aiki bayan an tashi. A nan abin ya rage ga tausayin shugaba. Saboda haka mutane da yawa da ke barin sauti a kunne ba sha'awa ce ta sa su ba, gudun zargi ne.

Kada kuma a raina shaƙuwar da ke tsakanin mutum da sautin da ya saba da shi. A 2023 kamfanin Apple ya sauya sautin sanarwa na asali a iPhone zuwa wani mai laushi, mutane suka yi ca, wasu na cewa ba sa jin sa, wasu na cewa a dawo musu da nasu, har sai da kamfanin ya ba da damar kowa ya zaɓi wanda yake so.

Ina ganin kamfanoni na da babban kaso na laifin. Su ne suka mayar da ƙara ta zama asali, shiru kuma sai ka shiga saitin ka nemo shi, kuma sun san yawancin mutane ba za su nema ba. Kowace dubawa riba ce a wurinsu. Sai a 2022, da fitowar Android 13, aka wajabta wa manhaja a wayoyin Android ta nemi izininka kafin ta fara turo sanarwa. Duk da haka, kayan gina zaure suna nan cikin wayar ga mai so. A WhatsApp kana iya rufe bakin guruf na awa 8, ko mako ɗaya, ko har abada, ba tare da ka fita ba kuma ba wanda zai sani. In an ambaci sunanka ko an amsa maganarka za a sanar da kai. Kana iya ba wa mutum ɗaya sautinsa na daban. Admin na iya rufe zaure da dare ya zama shi kaɗai ke iya turawa, ya buɗe da safe. Tsarin nan na "kada a dame ni" da ke cikin saitin waya yana toshe komai a lokutan da ka zaɓa, amma kana iya barin ƙofa ga wanda ya sake kira: cikin minti uku a iPhone, cikin minti 15 a Android. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin shi ne mafi kusa da ɗabi'armu: mai larura ta gaskiya zai maimaita sallama. Telegram kuwa tun 2019 ya ba mai turawa damar aika saƙo ba tare da ƙara ba, kuma wannan ne gyaran da ya fi dacewa, don ya mayar da nauyin kan wanda ya san abin da ke cikin saƙon.

Da gari ya waye ran nan, na rubuta a zauren ɗalibanmu cewa ina roƙon a daina turo abin da ba na gaggawa ba daga bayan isha'i zuwa asuba, na kuma faɗi dalili. Wasu suka goyi baya nan take. Wani ya ce ai kowa da maɓallin sailen a wayarsa, wanda ba ya so ya danna. Ban ga laifinsa ba, amma na tambaye shi ko haka zai ce wa mahaifiyata in da ƙofar ɗakinta ya buga. Bai amsa ba, sai dai tun daga nan ban sake ganin saƙonsa na dare ba.

Ni ma na zauna da wayata na kusan rabin awa. Na rufe bakin duk zaurukan da nake ciki in ban da na gidanmu, na sa ta yi shiru daga ƙarfe goma na dare zuwa kiran asuba, na bar kira a buɗe ga 'yan uwa na jini da duk wanda ya kira sau biyu. Ƙanena kuma na ba shi wani sauti mai kama da ƙararrawar keke, na kunna wa Inna sau uku har ta riƙe shi. Yanzu in wayar ta yi ƙararta ta kullum da rana, ko kai ba ta ɗagawa daga tsintar shinkafarta. Shekaranjiya da la'asar sai ƙararrawar keken ta tashi ina bakin rijiya ina alwala, na ji ta daga cikin rumfa tana cewa, "Ga ɗan'uwanka nan. Gama ka zo ka karanta mani."